Sanarwa ga masu ciki a rukunin nan

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun jiya ake ta turo min saƙo, wannan ta ce nononta ƙanana ne, waccan ta ce cikinta wata 8 ko ɗigo ba ta gani ba, anya za ta iya shayarwa kuwa? Don Allah ku kwantar da hankalinku, girman nono ba shi ne yawan ruwa ba, kuma ruwan sosai sai kwana 2 zuwa 4 bayan haihuwa yake kawowa. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa kar a matse a zubar ko da gwaggo ta ce datti ne, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, tsotsonsa ne ke jawo ruwan. Wadda kan nononta ya shige ciki ta nuna wa nas ranar awo.