Gaisuwar Babbar Sallah daga Grenoble

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, ku da Inna da dukan mutanen gida. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Na samu sallar idi da safe, amma ko naman layya ban tsaya ci ba, domin kwana biyun da aka ware mana a na'urar bincike mai suna D22 ta cibiyar kimiyya ta Laue-Langevin da ke nan Grenoble sun faɗo daidai da Sallah, kuma wanda ya saki damarsa sai ya jira watanni kafin layi ya sake zagayowa kansa.

Kun sha tambayata abin da ya riƙe ni a Faransa: bincike ne a kan silika. Silika ita ce sinadarin da ke cikin yashi, mu kuma muna haɗa wani nau'inta mai suna SBA-15, wanda aka fara yi a Santa Barbara ta Amurka a 1998, mai ramuka jere kamar saƙar zuma, faɗin kowanne 'yan nanomita kaɗan, alhali nanomita miliyan ɗaya ke cika milimita guda. Ana narka wani abu mai kama da sabulu a ruwan asid, ƙwayoyinsa su dunƙule. Da an zuba sinadarin silika sai dunƙulen su miƙe su zama sanduna, su jeru, silikar ta daskare a kewayensu. Daga baya a gasa a zafin digiri 550, sabulun ya ƙone, ramukan su saura.

Yadda jeruwar ke faruwa muke son gani, ido kuwa ba ya kaiwa. Shi ya sa muke harba niyutiron, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra, daga tukunyar nukiliyar cibiyar ta cikin haɗin tun yana ruwa, mu karanta yadda suka warwatsu. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta ruwa mai nauyi, wato wani nau'in ruwa da ya ɗan fi na sha nauyi: idan aka gauraya shi da ruwan yau da kullum, har mai nauyin ya kai wajen kashi 60 cikin 100, silikar takan ɓace wa niyutiron, sabulun kaɗai ake gani. Ɗazu bayan la'asar ina kallo haɗin da ke garau ya koma fari kamar farau-farau, jim kaɗan zoben da ke nuna sandunan sun jeru ya fito a kwamfuta, har na yi kabbara ban sani ba.

A gaida Inna, a ce mata ta ajiye mini soyayyen naman a tukunyarta, ina tafe idan Allah ya yarda.

Ɗanku mai biyayya.