Wasiƙar Ƙorafi Kan Kwarkwaron Igiyar Nutso da Kuke Sayarwa

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni mai raka masu nutso ne a Bahar Maliya, kuma na rubuto muku a bainar jama'a game da kwarkwaron igiyar da kuke tallatawa cewa ya dace da shiga cikin jiragen ruwan da suka nutse, alhali bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan.

Yawancin aikinmu a kan Umbria ne, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da gangan kusa da Port Sudan a 1940. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakunansa ya san bugun ƙafa ɗaya kan tayar da lakar da ta daɗe a kwance, har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa, kuma a irin wannan hali igiyar da ya ɗaura tun daga bakin ƙofa ce kaɗai za ta fitar da shi. Taku ta roba ce mai tasowa sama, tana yawo har ta sarƙe a kan tukunyar iska ta bayan mutum, inda idonsa ba ya kaiwa. Igiyar nailan mai kitso ake buƙata, domin ta fi ruwa nauyi, tana kwanciya inda aka shimfiɗa ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne giɓin da kuka bari tsakanin kwarkwaron da gidansa, inda igiya ke zamewa ta naɗe sandar tsakiya, ya cije. Da igiyar kwarkwaron ne mai nutso ke sakin balan-balan ɗin alama zuwa saman ruwa don a san inda yake. Iskar da aka hura wa balan-balan ɗin a zurfin mita 10 tana ninka girmanta kafin ta kai saman ruwa, don haka idan kwarkwaro ya cije a hannun wanda bai ƙware ba, balan-balan ɗin zai fizge shi sama ba tare da ya yi tsayuwar kariya ta minti 3 a zurfin mita 5 da masu nutso kan yi kafin su fito ba, kuma irin wannan tashi na gaggawa kan illata huhu da jijiyoyi.

Ƙugiyar ratayewa ma irin mai buɗewa da kanta ce da zarar ta gogi waya ko igiya, ga shi ta soma tsatsa a ruwan gishiri. Mai sakata, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ita ce ake maƙalawa a zoben ɗamara.

Ina neman ku janye wannan talla nan take, ku mayar wa waɗanda suka saya kuɗinsu, ku kuma rubuta a jikin kwali tsawon igiyar, da irinta, da gargaɗin kada a ɗaure kwarkwaro a jiki yayin sakin balan-balan. Ina jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Mai raka masu nutso, Port Sudan