Koke ga Mai Martaba Sarki Daga Waɗanda Shan Inna Ta Taɓa

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne da cutar shan inna ta kama tun muna goye. Wasunmu da sanda suke tafiya, wasu a keken guragu, wasu har yau jan jiki suke a ƙasa. Da yawa daga cikin iyayenmu sun ɗauka aljana ce ta shanye mana ƙafa, suka yi ta yawon neman magani. Ba mu ga laifinsu ba, ba wanda ya gaya musu cewa ƙwayar cuta ce da ke bin bahaya da gurɓataccen ruwa ta shiga bakin yaro.

Abin da ya kawo mu fada shi ne sakacin da muke gani tun ranar 25 ga Agusta 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Jama'a suka ji kamar an gama. Ba a gama ba. Tana nan a Pakistan da Afganistan, kuma a nan Arewa akwai wani nau'i da ke yaɗuwa a inda yara ba su sami cikakken rigakafi ba. Mun kuma tuna 2003, da aka dakatar da rigakafi a Kano har zuwa 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da tuni suka rabu da ita. Yaran da ta nakasa a lokacin yanzu magidanta ne, wasunsu sun sa hannu a wannan takarda.

Babban roƙonmu, ranka ya daɗe, a umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙa haɗa mu da masu ɗigon rigakafi duk lokacin da za su shiga gida-gida. Maigidan da ya ce "ba yara a gidan nan" yana iya korar yarinya mai ɗauke da akwatin magani, amma da wuya ya dubi ƙafafunmu ya sake faɗar haka. Idan ya ce me ya sa kullum ɗigo kyauta alhali maganin zazzaɓi sai da kuɗi, tambayarsa tana kan hanya, kuma ya kamata hukuma ta ji ta. Sai dai zazzaɓi ana warkewa da magani, ƙafar da shan inna ta shanye kuwa ba ta dawowa.

Muna kuma roƙon a yi wa limamai magana su tunatar a huɗubar Juma'a cewa duk yaron da bai kai shekara 5 ba a fito da shi, ko da an ɗiga masa a zagayen baya.

A shirye muke mu zo fada duk ranar da Sarki ya sa mana.

Allah ya taimaki Sarki.

Naka masu biyayya,
Masu fama da nakasar shan inna a wannan masarauta