Zuwa ga Babana a Riyad, kan maganar zobe

Assalamu alaikum Babana,

Ya aiki, ya sanyin Riyad? Mu nan Jidda lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ka sani. Ƙanwarka ce ke rubutawa ina faɗa mata, kuma kada ka kira ta da faɗa, ni na matsa mata har ta nuna min hoton da ka turo na zoben da kake so ka saya wa yarinyar da za ka aura. Kyau kam yana da kyau. Amma ta ce da bashin banki za ka saye shi, tun daren ban runtsa ba.

Shekarun da babanka, Allah Ya jiƙansa, ya yi yana gyaran zinari a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ni ke kai masa kayan matan alhazai, saboda haka abin da na gani zan gaya maka. Naka irin mai farata ne, ƙananan faratan zinari sun ɗaga dutsen daimon sama don haske ya shige shi ta ko'ina. Babanka kan ce wani kamfanin Amurka, Tiffany, shi ya yayata mai farce shida tun 1886. Naka huɗu gare shi. In ɗaya ya lanƙwashe a mai shida, sauran na riƙe. A mai huɗu kuwa dutsen ya fara rawa ke nan. Ga shi farcen ba ya barin mayafi da abaya, kullum cikin jan zare. Yarinyar nan aikin jinya take yi, safar hannu ta sa ta cire sau nawa a wuni? Ka yi tunanin wannan kuwa?

Sannan an kewaye babban dutsen da ƙanana kamar kaza da 'yan tsaki. Dabara ce don na tsakiya ya ƙara girma a ido. Har jikin zoben an shimfiɗa masa wasu mitsi-mitsi, kowanne ɗan ɗigon zinari ne ke riƙe da shi. Su ne suka fi kawo wa babanka aiki. Mace ta wanke shinkafa, ta duba hannu, sai ta ga gurbi. Ranar da ta yi ƙiba kuma aka ce a buɗa zoben, sai su saki.

Da ni ce, wanda zinari ya zagaye dutsen gaba ɗaya kamar bakin rijiya zan ɗauka. Ƙyallinsa bai kai na mai farata ba, ban ɓoye maka ba, amma ba ya kama tufa, kuma yana kare gefen dutsen, don daimon duk taurinsa yana ɓantarewa in ya bugu a gefe. In ƙananan take so, akwai wanda ake jera su cikin kwari tsakanin bango biyu, sumul. Wanda ake matse dutsen tsakanin baki biyu kamar yana lilo a iska, wannan kada ma ka kalle shi, gyaran girmansa wahala ne.

Amma duk ba wannan ya hana ni barci ba. Babana, dutse ba ajiya ba ne. Ranar da za a mayar da zobe kanti, mai kanti zinarin kawai yake aunawa, ya cire nauyin duwatsu, kuɗin ƙira ya tafi, harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun 2020 shi ma ya tafi. Kuma irin wannan zoben da zinari ɗan karat 18 ake yinsa, kashi 75 ne zinari, don ɗan 21 ya yi taushi da riƙe ƙananan duwatsu. Me za ta samu? Shekarar da muka shiga matsi, da me ka ga mun biya haya? Awarwarona huɗu 'yan 21, ba dutse ko ɗaya a jiki, aka ɗora a sikeli aka ƙirgo min riyal a hannu. Ka ga mutanen da suka yi ta sallama a ƙofarmu lokacin, kana bayan labule kana ji. Kai ne yau za ka kai kanka ga bashi saboda hoton da za a sa a waya? Ashe duk ka manta? Na san kuna ce min mai maƙo, kai da Gwaggonka. Ku ce. Maƙon nan ne ya kai ka makaranta.

To, na yi shiru, ƙanwarka ta ce na yi zafi. Ba hana ka faranta mata nake yi ba, yarinya ce mai kunya, ina sonta. Ka raba kuɗin da ke hannunka: ƙaramin dutse a zobe mai ƙarfi, saura a yi mata shabka, wato saitin kayan adon amarya, ta zinari zalla. Naka zoben na azurfa ne, ka sani. Ka sa su rubuta maka nauyin zinari daban da na dutse a fatura, wato rasit, ka kuma duba hatimin 750, alamar ɗan 18, a cikin zoben da idonka.

Kada ka biya komai sai ka zo hutu mu shiga Balad tare, ko da sanda ce zan taka. Ka sa ƙanwarta ta auna mata yatsa da yamma, da sanyin safiya yatsa kan rage. Na ajiye maka yajin da kake so. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka