'Yata mai asma tana ɓoye maganinta a makarantar kwana

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari? Kowane mako ina sauraron shirinka, yau dai abin ya zo kaina, shi ya sa na rubuto.

'Yar farina ce, shekararta 15, tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Jihar Katsina. Tun tana shekara shida aka ce mana asma gare ta. A lokacin ban sha wahala ba, domin komai a hannuna yake. Ni nake ba ta maganin shaƙa mai ruwan ƙasa safe da dare, in sa ta kurkure baki bayan ta shaƙa, shuɗin kuma, salbutamol, yana cikin jakata duk inda muka je. Na daina turaren wuta a ɗakina, abin da na taso da shi, na daina kunna maganin sauro mai hayaƙi muka koma gidan sauro. Sai mu yi wata da watanni ciwon bai tashi ba.

Da ta shiga makarantar kwana sai komai ya sauya. A watan Disamban da ya wuce, sanyi da ƙurar hunturu sun yi tsanani, aka kira mu da misalin ƙarfe biyu na dare. Na same ta zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta suna ɗagawa, ramin wuyanta yana shigewa ciki duk lokacin da ta ja numfashi, ƙirjinta yana fito kamar kukan ɗan mage. Ko "Umma" ba ta iya faɗa a numfashi ɗaya ba. Sai da aka sa mata na'urar tururin magani da iskar oksijin, muka kwana biyu a asibiti.

Da na je kwaso kayanta ne na ga abin da ya fi tayar min da hankali. Maganin mai ruwan ƙasa da na saya mata a farkon zango yana can ƙasan akwati, a naɗe cikin safa, ko buɗe kwalin ba ta yi ba. Shuɗin kuwa, wanda ke ɗauke da maganin shaƙa sau 200, ya ƙare tas cikin makonni shida. Likitan da ya duba ta ya yi mana bayani cewa shuɗin buɗe hanyar numfashi kawai yake yi na 'yan sa'o'i, kumburin da ke cikin hanyar kuwa mai ruwan ƙasan ne ke kwantar da shi, in ana shaƙa kullum ko da lafiya lau. Ya ce wanda yake neman shuɗin sau uku a mako ko fiye, ciwonsa bai kwanta ba ke nan.

Na lallashe ta har ta faɗa min gaskiya tana kuka. Ta ce 'yan ɗakinsu suna kiranta "mai fuka", wasu ba sa shan ruwa a kofinta, sun ɗauka tarin fuka ne mai yaɗuwa. In ciwon ya taso sai ta shiga banɗaki ta shaƙa a ɓoye. Sharar ɗaki da ta fili da asuba kuma ba ta taɓa neman a ɗauke mata ba, don kada a ce ragwanci ne. Sannan in tana al'ada ƙawayenta suna ba ta ibuprofen saboda ciwon mara, alhali an gargaɗe mu cewa irin wannan maganin, da asfirin, suna tayar wa wasu masu asma da ciwo.

A gida kuma kanmu ya rabu. Mahaifinta ya ce a cire ta daga makarantar ta dawo jeka-ka-dawo, rai ya fi karatu. Hajiya, surukata, ta ce mu daina sabar mata da abin shaƙa, wai in jiki ya saba ba ya rabuwa da shi, a koma kan zuma da habbatus sauda. Ta ƙara da cewa mu rufa wa yarinyar asiri, kada maganar ta fita ta hana ta samun miji. Ina ganin girman Hajiya, amma a raina na san wannan ɓoye-ɓoyen ne ya kusa raba ni da 'yata. Ita kuwa yarinyar tana son makarantar, tana son ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma shekara mai zuwa za ta rubuta WAEC da JAMB. Ga tsadar magani: tun 2023 farashin waɗannan abubuwan shaƙa ya yi tashin gwauron zabo, ni kuma ɗinki nake yi a gida.

Likita, don Allah ka ba ni shawara. Yaya zan sa yarinya mai wannan shekarun ta riƙe maganinta da kanta ba tare da na zama mai gadi a kanta ba? In na matsa sai ta yi shiru ta shige ɗaki, in na ƙyale ta kuma ba na iya barci. Shin gaskiya ne shaƙar mai ruwan ƙasan kullum yana da illa ga girmanta, ko yana sa jiki ya dogara da shi? Na ji ana maganar wani abin shaƙa guda ɗaya da ke yin aikin biyun, ko zai dace da ita, tunda ɗaukar biyu ne yake mata nauyi? Ga azumi ma, bara ta ƙi shaƙa da rana har numfashinta ya sarƙe, don tsoron kada azuminta ya karye.

Hutu ya kusa ƙarewa, mahaifinta yana jiran amsata. In mayar da ita, in je in zauna da shugabar makarantar da mai kula da ɗakin kwanansu in faɗa musu komai ko da yarinyar ba ta so, ko in bi maganar mahaifinta?

Allah ya saka da alheri.

Wata uwa daga Funtua