Wasiƙar Godiya Ga Shagon Kayan Kiɗa Na Sabon Gari

Zuwa ga Maigida da yaran shago,

Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na albarka. Mu malamai ne masu koyar da kiɗan fiyano a Kano, kuma mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a kan wata ɗabi'a taku: ba kwa barin mai saye ya ɗauki kwali ya wuce sai kun zaunar da shi kun nuna masa darussan da ke cikin na'urar fiyanon da ya saya. A aji muke ganin amfanin wannan zama.

Ɗauki Yamaha PSR-E373, mai madannai 61, wadda masu koyo kan saya. Darasinta hawa uku ne. Na farko sauraro kawai. A na biyu na'urar lokaci take dubawa, ko wane madanni aka taɓa sautin daidai zai fito muddin an taɓa a kan bugu. A na uku, wanda aka rubuta Waiting, waƙar tsayawa take cak har sai yatsa ya sami madannin da ya dace. Wannan na ukun shi ne yara suka fi so, kuma shi ne ya fi ɓata su, domin wanda ya saba kiɗa na jiransa, ranar da ya hau da mawaƙa zai ga babu mai jira. Yaranku suna faɗa wa mai saye haka ƙarara: ya koyi wuraren yatsu da shi, sannan ya kashe, ya kunna metironom, wato abin da ke ƙirga bugu a kan lokaci.

Mun yaba da tsarin da kuke ba su. A sauke gudun waƙa zuwa bugu 60 a minti ɗaya, hannun dama shi kaɗai, sai na hagu, kafin a haɗa. In an buga sau uku a jere babu kuskure, a ƙara 5. Mai gaggawa yakan yi tsalle daga 60 zuwa 100, yatsu su harɗe, ya ce na'urar ce. Ga kuma maɓallin A-B: a danna a farkon gaɓar da ke ba da wuya, a sake dannawa a ƙarshenta, wurin ya yi ta juyawa. Gaɓa biyu ko huɗu sun isa. Wasu sun shekara da fiyano a ɗaki ba su san da wannan maɓalli ba, kullum daga farkon waƙa suke komawa, su ƙware a inda suka riga suka iya.

Naɗar sauti ma kuna nunawa. Na'urar tana ajiye waƙoƙi 5, kuma kunne ya fi kama kuskure idan hannu yana hutawa.

Sai ƙananan abubuwan da ke sa mutane su dawo da kaya suna faɗa. Fedar ƙafa: wanda ya kunna na'ura ƙafarsa na kanta, aikinta juyewa yake, sauti ya riƙa ja in an saki. Maganinsa a kashe, a ɗage ƙafa, a kunna. Na'urar kan kashe kanta bayan minti 30 ba a taɓa ta ba, ba lalacewa ba ce. Idan aka ɗauke wuta batir 6 ƙirar AA suna ɗaukarta, amma sai an gaya mata ko na caji ne ko na yarwa. Adaftarta mai bolt 12 ce, kuma gargaɗinku kan sayen ta bakin titi yana kan hanya. Ramin abin kunne babba ne, na waya ba ya shiga sai da ɗan mahaɗi, ku kuwa kuna ajiye shi a shago, maƙwabta ma sun huta da daddare.

Roƙonmu ɗaya: ku rubuta wannan bayani da Hausa a takarda guda ku riƙa sakawa cikin kwali, don littafin kamfani da Turanci yake zuwa.

Allah ya ƙara buɗi.

Naku,
Malaman koyar da fiyano, Kano