Jinyar da take biyo bayan aikin hanji: wasiƙa daga Makka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana a kan abin da yawancinmu muke jin nauyin ambatonsa ko a gaban likita, wato halin da mutum yake shiga bayan an yi masa aiki a babban hanji an sallame shi. Ni tela ne, shekarata 58, kuma na haura shekara 20 ina zaune a Makka, ta wajen Shari'ul Mansur inda 'yan uwanmu Hausawa suke da yawa. A watan Rajab da ya wuce likitoci suka gano ƙari a ɓangaren dama na babban hanjina, suka yanke ɓangaren tare da ɗan guntun ƙarshen ƙaramin hanji, suka haɗa bakin biyu suka ɗinke. Gwaji ya nuna ciwon daji ne, amma Allah ya sa an tare shi da wuri bai bazu ba. Na yi kwana 8 a kwance aka sallame ni, 'yan uwa da maƙwabta suka yi ta zuwa barka da arziki, kowa yana cewa ai magana ta ƙare. Yau wata 9 ke nan, kuma sai yanzu ne na fara gane kan jikina.

Ranar sallama an miƙo mini takarda da Larabci da Turanci, da ledar magunguna, da ranar da zan koma a cire ɗinki. An gargaɗe ni kada in ɗauki kaya mai nauyi har sati 6, an kuma ce in riƙa ɗan tattaki a tsakar gida. Ba ni da abin cewa ga likitan da ya yi aikin sai godiya, domin hannunsa ya yi kyau, amma babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini cewa cikina na da ba shi ne na yanzu ba. Ni ma ban tambaya ba, saboda a lokacin babu abin da nake so irin in bar warin asibiti in koma ɗakina.

Abin da na tarar a gida shi ne gudawa wadda ba ta jin lallashi. Sau 6 ko 7 nake zagayawa a yini, galibi tsakanin karin kumallo da azahar, kuma idan ta taso ba ta bari mutum ya ƙarasa maganar da ke bakinsa. Wata rana ina auna wani dattijo da ya kawo ɗinkin jallabiya, na bar shi tsaye da tef a kafaɗa na fice ta ƙofar baya, da na dawo na ce masa kira ne na gaggawa aka yi mini daga gida. A masallacin unguwa, ni da na saba da sahun farko, sai na koma ƙarshen sahun baya dab da ƙofa, ina ajiye takalmina inda ƙafata za ta faɗa ciki ba sai na sunkuya ba. Harami kuwa, wanda a da daren Juma'a ba ya wuce ni ban yi ɗawafi ba, sai da na yi wata 5 ban shiga ba, domin duk wanda ya san wurin ya san banɗakunan suna waje a farfajiya, kuma daga gaban Ka'aba zuwa can a cikin cunkoso tafiya ce da mai irin lalurata ba zai yi kasadarta ba. A ce mutum yana hango dogon agogon Harami daga unguwarsu amma cikinsa ya hana shi zuwa, wannan ya fi mini ciwon ɗinkin zafi.

Duk da haka, sau biyu ina komawa asibiti ana tambayata yaya jiki, ina cewa alhamdulillahi, da sauƙi. An rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma babba da gemunsa ba ya zama yana lissafa zagayensa a gaban ma'aikaciyar jinya sa'ar 'yarsa. Ga shi Larabcina na kasuwa ne, ya isa ciniki da kwatance amma bai kai in bambanta murɗa da suka da zugi ba, kuma ɗana da yake yi mini tafinta, ai da kunya ya ji irin wannan magana daga bakin mahaifinsa.

Da aikin Hajji ya zo, wani ɗan uwa daga gida ya kawo mini garin magani a ƙullin leda, ya ce basir ne ya yi mini yawa, wannan kuma zai wanke ragowar dattin da likitoci suka bari. Da kyakkyawar niyya ya kawo, ni ma da kyakkyawan zato na sha. Ashe maganin wankin ciki ne aka ɗora wa mai gudawa, a cikin zafin Makka da yake haura digiri 40. Kwana biyu ko ruwa bai zauna mini ba, da na miƙe jiri ya kwashe ni, sai da aka kira motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar ta lamba 997 aka kai ni ɗakin gaggawa aka yi mini ƙarin ruwa leda 3. A can ne wani matashin likita ya ƙi karɓar "da sauƙi" daga bakina. Ya sa ɗana ya jira a waje, ya nemo wani ma'aikaci ɗan Sudan mai jin Hausa, ya shiga jero tambayoyi: sau nawa, da wane lokaci, da jini ko babu, yana tashinka da dare? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗi komai.

Bayanin da ya yi mini, da wanda likitan ciki ya ƙara daga baya, shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Babban hanji tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi ne, kuma babban aikinsa shi ne tsotse ruwa da gishiri daga ragowar abincin da ƙaramin hanji yake turo masa, fiye da lita ɗaya a kowace rana, har bayan gida ya yi kauri. Ɓangaren dama shi ya fi yin wannan tsotso, don haka idan an cire shi ruwa yakan yi yawa har sai ragowar hanjin ya saba da aikin, abin da yakan ɗauki watanni. Sannan akwai ruwan ɗaci da hanta take haɗawa domin narkar da maiƙo, wanda a ƙarshen ƙaramin hanji ne jiki yake tsotse kusan dukkansa ya mayar, kuma daidai nan aka yanke mini. Idan ruwan ɗacin ya zarce cikin babban hanji sai ya tsokane shi ya riƙa zubo da ruwa, shi ya sa nake gudu bayan na karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai yawan mai. Aka rubuta mini wani gari mai suna kolestiramin da ake damawa a ruwa, wanda yake kame ruwan ɗacin, aka ce in raba lokacinsa da na sauran magunguna domin su ma yana iya kame su. Aka haɗa mini da loferamid na rage gudun hanji, bisa sharaɗin kada in taɓa shi idan akwai zazzaɓi, ko jini, ko kumburin ciki. An kuma ce za a riƙa duba bitamin B12 a jinina, domin shi ma a wurin da aka yanke ake tsotsarsa. Cikin sati 2 zagayen ya sauko zuwa sau 2 ko 3. Wata 5 na yi ina wahala da abin da tambaya ɗaya za ta rage mini shi.

Maganar ciwo ta fi wannan wuyar sha'ani, kuma har yanzu ban rabu da ita ba. Na farkon, wato zafin miki, kowa ya san da shi, kuma dabarar danna filo a ciki kafin tari ko atishawa ta taimake ni ƙwarai. Wanda ya ɗaure mini kai shi ne wanda ya rage bayan miki ya warke sarai: wani raɗaɗi kamar an goga barkono a gefen tabon, har zariyar wando ba na so ta taɓa wurin, alhali ɗan gaba kaɗan fatar ta mutu, ko an tsunkule ta ba na ji. Likita ya ce ƙananan jijiyoyin fata ne da wuƙa ta ratsa, kuma ciwon da ya wuce wata 3 bayan aiki ana duba shi ne a matsayin lalura mai zaman kanta, yana da nasa magungunan na jijiya, ba a magance shi da tara ƙwayoyin kashe zafi. Ya ja mini kunne a kan irin su ibufurofen da dikilofenak da muke saye ba tare da tunani ba, domin suna iya yi wa tumbi da ƙoda illa, musamman ga wanda ruwa yake ƙarewa a jikinsa, su kuma masu ƙarfin irin tiramadol suna taurara ciki su ƙara wa hanji wahala. Akwai kuma murɗa da takan taso jefi-jefi ta lafa. Bayan aikin ciki hanji yakan manne da juna ko da bangon ciki ta wasu zare-zaren tabo, kuma yawanci ba sa yin komai, amma su ne kan gaba wajen toshe ƙaramin hanji. Saboda haka aka ce mini idan murɗar ta haɗu da amai, ciki ya kumbura, bayan gida da iska suka tsaya cak, kada in jira gari ya waye. Haka nan zazzaɓi, da jini ko baƙin bayan gida, da ƙullutun da yake ɓullowa a kan tabo idan an yi tari, wanda alamar ƙaba ce. Ni dai a shago ba na wuce awa ɗaya a kan keken ɗinki ban miƙe na ɗan taka ba, kuma bandir ɗin yadi yaran shago ne suke sauke mini shi.

Abinci kuwa, bayan littafin awona ne ya zama malamina, domin a nan nake rubuta abin da na ci da abin da ya biyo baya. Gahawa kafin in sa komai a ciki, da yajin tsire, da madara, da wake, da lemon kwalba, duk sun nuna kansu. Farar shinkafa, da ayaba, da tuwon shinkafa da miyar kuɓewa marar yawan mai suna zama lafiya, musamman idan na raba cin kaɗan-kaɗan sau 5 a yini. Ba na cewa kowa ya bi wannan, domin wani abokina da aka yi wa nasa aikin a ɓangaren hagu taurin ciki ne yake damunsa, abin da ake hana ni shi ake ce masa ya ƙara. Abin da nake roƙon jama'a shi ne a daina matsa wa mai jinya a wurin walima. Idan an ajiye farantin mandi, wato shinkafa da nama, ya ci loma uku ya janye hannu, ba raini ba ne kuma ba girman kai ba ne, a bar shi da "sannu" kawai.

Sai maganar ibada, wadda ita ce ta fi cin ran dattawanmu. Azumin da ya zo sati kaɗan bayan aikin ban yi shi ba, bisa shawarar likita da kuma sauƙin da aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya, kuma yanzu ina ramawa a hankali. Na yi sallata a zaune har ciki ya yarda da ruku'u, dogaro da hadisin Imrana ɗan Husaini da aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Game da iskar da take fita ba da son mutum ba, malaman Malikiyya da muka taso a hannunsu suna ganin abin da ya lazimci mutum a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, malaman nan kuma galibi suna cewa mai uzuri ya yi alwala ga kowace salla bayan shigar lokacinta, kada ya damu da abin da ya fita bayan haka. Ko ta wace fuska aka bi, babu wanda ya ce ya bar jam'i saboda waswasi. Na faɗi haka ne domin na san wani bawan Allah a unguwarmu da aka fitar masa da hanji ta gefen ciki aka manna masa jaka, ya daina zuwa masallaci yana ganin kansa cikin najasa kullum, alhali shi ma hukuncin mai uzuri ne a kansa, kuma babu wanda ya je ya gaya masa sai bayan watanni.

Ya Edita, roƙona shi ne jaridarka ta gayyato likitocin ciki da malamai masu jin Hausa su riƙa amsa irin waɗannan tambayoyi a fili da kalmomin da muke fahimta, kuma a bar mai tambaya ya ɓoye sunansa idan ya so. Ciwon dajin babban hanji shi ne kan gaba a tsakanin maza a Saudiyya, kuma hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar a fara gwaji daga shekara 45 ko da mutum ba ya jin komai, amma a majalisunmu na bayan isha'i ban taɓa jin an ambaci haka ba. Mazauna nan kuma su sani cewa lamba 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana haɗa mutum da likita ta waya, ga wanda bakinsa yake nauyi ido da ido. Ni dai a watan Rajab mai zuwa za a sake leƙa hanjina da na'ura, kamar yadda ake yi shekara ɗaya bayan irin wannan aiki, kuma na riga na rubuta tambayoyi 7 a bayan littafin awo, na ba ɗana ya juya mini su zuwa Larabci.

Wassalam.

Naka,
Wani tela mai karanta jaridarka,
Makka, Saudiyya.